Yadda Ake Haɗa Masu Ƙaramin Ƙarfi da Horon Aikin Masana'anta a Kano

Wannan bayani na wanda ƙungiyar unguwa, ko kwamitin masallaci, ko wata ƙungiyar sa-kai ta ɗora wa nauyin nemo wa matasa da mata marasa hali hanyar koyon aikin masana'anta ne. An ɗauki Kano misali domin nan ne masana'antu suka fi taruwa a Arewa: Bompai, Sharaɗa, Challawa, da waɗanda suka jeru a kan titin Haɗeja. Wanda ke Kaduna sai ya sa Kakuri da Kudenda a gurbinsu. Abu biyu ne suka fi kashe wannan aiki. Na farko, a tara yara a koya musu sana'ar da babu mai nemanta. Na biyu, a samo wa ɗan talaka gurbi mai kyau, a manta cewa ba shi da kuɗin motar zuwa. Duk matakan da ke ƙasa saboda waɗannan biyun aka tsara su.

Kayan aiki

- Littattafan rajista biyu masu kauri, ɗaya na masu neman aiki, ɗaya na masana'antu da wuraren horo.
- Waya ɗaya ta ƙungiya mai WhatsApp. Kada a yi aiki da lambar wani mutum shi kaɗai, domin ran da ya yi tafiya ko ya yi fushi, shi ke nan an yanke.
- Fayil na roba ga kowane mai nema.
- Tef ɗin awo na mita 5, mai inci a gefe ɗaya da milimita a ɗaya gefen, da biro da farar takarda.
- Wasiƙar gabatarwa mai hatimin ƙungiya. In ƙungiyar ba ta da rajista, wasiƙar mai unguwa ko dagaci tana buɗe ƙofa.
- Asusun banki da sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita.
- Mutum uku aƙalla: mai zagaya masana'antu, mai riƙe rajista, mai bibiyar gidaje. Ɗaya daga ciki lallai ta zama mace, in dai ana son mata su shiga.

1. Fara da zagaya masana'antu

Kafin ka rubuta sunan ko mutum ɗaya, ka taka masana'antu goma zuwa goma sha biyar. Ka je tsakanin Talata da Alhamis, da hantsi. Litinin kowa kansa ya ɗau zafi, Juma'a kuma rabin yini ne. Ka gaisa da mai gadi da mutunci, don shi ne zai faɗa maka ko manajan ma'aikata yana ciki, kuma ya fi kowa sanin ranar da ake ɗaukar mutane. Manaja shi ke sa hannu, amma sufabaizan da ke tsaye a kan injina shi ya san hannun da ya rasa. Ka nemi ganin duka biyun.

Tambayoyin da za ka rubuta amsarsu: wane aiki ne kuka fi shan wuyar samun mai iya shi? Kai tsaye kuke ɗauka ko ta hannun ɗan kwangila? Shifta nawa kuke yi, kuma awa nawa kowace? Wace takarda kuke nema? Za ku karɓi mai koyo na wata uku in mun tsaya masa? A wane wata aiki ya fi yawa? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin kamfanin casar shinkafa da na matsar mai suna cika da aiki bayan kaka, su lafa idan kaya ya yi tsada, kuma kowace masana'anta na iya rage shifta idan wuta da dizal suka gagara.

Ka raba ayyukan da ka ji gida uku. Akwai leburanci: dako, lodi, shara, ɗaurin kaya. Wannan ba ya buƙatar horo, kuma ba shi da gaba. Akwai kula da inji: injin narka roba, na saƙar buhu, na cika leda ko kwalba, keken ɗinki na masana'anta. Sai gyara: fita (wato mai haɗa injina da gyara su), mai lantarki, mai walda, mai sarrafa ƙarfe a kan injin dirila da injin juya ƙarfe. Gida na biyu da na uku su ne abin nema. Masu gyara sun fi ƙaranci, sun fi daraja, kuma ko kamfani ya rufe, sana'arsu na hannunsu. Wanda ya ga yadda masaƙun Kakuri suka durƙushe suka bar dubban masu kula da inji ba abin yi, ya san bambancin.

In manyan kamfanoni sun ƙi sauraronka, ka bi ta ofishin reshen ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, ko ka koma kan ƙananan wurare irin na Dakata da shagunan masu ƙera injin niƙa, ƙofofi da tankuna. Sun fi saurin cewa to, ko da yake ba su cika rubuta komai ba.

2. Rajista da tantancewa

Kada ka kai sanarwa rediyo. In gurbi ashirin gare ka, ɗaruruwa za su zo, ka ɓata da unguwa gaba ɗaya. Ka bi ta masu unguwanni, limamai, malaman Islamiyya da shugabannin mata, ka ce kowa ya kawo mutum uku ko huɗu. Gurbi ashirin, rajista talatin ta isa, goman su zauna a jerin jira.

Ka zauna da kowa shi kaɗai na minti ashirin. Ka tambayi shekarunsa, unguwarsu, da me yake ci yau, wa yake ciyarwa, wace sana'a ya taɓa taɓawa, ko yana da asma, farfaɗiya, ciwon baya ko matsalar ido da kunne. Mai asma ba a kai shi wurin katifa, jima ko ƙurar shinkafa. Mai farfaɗiya ba a tsayar da shi gaban inji mai juyawa. Wanda ba ya bambance launi ba a ba shi wayar lantarki.

Batun shekaru doka ce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana sa wanda bai kai 15 ba aiki a masana'anta, ta hana wanda bai kai 16 ba aiki a kan inji, ta kuma taƙaita aikin dare ga wanda bai kai 18 ba. Mafi sauƙi ka tsaya a kan 18 zuwa sama. Ƙananan a mai da su makarantar fasaha.

Daga nan sai ɗan gwaji, wanda ya fi takardar makaranta faɗin gaskiya. Miƙa masa tef ya auna tsawon tebur, ya faɗa da milimita. Tambaye shi katan nawa ne a layi 8 in kowane layi na da 12. Ba shi jimla ɗaya ta gargaɗi da Turanci, irin wadda ake liƙawa a jikin inji, ya karanta ya faɗi ma'anarta da Hausa. Wanda ya faɗi gwajin ba korarsa za a yi ba. Mako biyu na awa ɗaya kullum sun isa a koya wa mai hankali karatun tef, da cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne. Wanda bai iya karatun boko ba sam, a haɗa shi da ajin yamma na Hukumar Ilimin Manya ta jiha, ya riƙa yi tare da koyon aikin. Almajirin da ya sauke yakan ba da mamaki a nan, don haddace matakai da zama wuri ɗaya ba baƙonsa ba ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika jerin da 'ya'yan 'yan kwamiti. Ran da sufabaiza ya gane an aiko masa wanda ba ya son aikin, ƙofar ta rufe har ga na bayansa.

3. Haɗa takardu tun da wuri

Kowane fayil ya ƙunshi lambar NIN, asusun banki mai BVN, shaidar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru daga kotu, shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, hotuna fasfo shida, da kwafin duk wata takardar makaranta. Sai sunan mai tsaya masa, da lambar wayarsa, da sa hannunsa.

Ka ɗora takardun gefe da gefe ka karanta sunan harafi harafi. In NIN ta ce Muhammad Sani Abdullahi, banki ya ce Sani Mohammed, alawus ko albashi zai maƙale, kuma gyara yana cin makonni. A fara shi yanzu. Layin wayarsa ma ya zama da sunansa aka yi rajista, don ta nan saƙon gayyata ke shigowa. Asalin takarda ba a barin ta a hannun kowa, kwafi ake bayarwa.

4. Zaɓen wurin horo

Hanyoyin da ake da su:

Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa ke Jos, yana da ofishi da cibiyar koyar da sana'o'in masana'antu a Kano. Yana buɗe shirye-shirye lokaci lokaci, don haka ka je ofishin da kanka ka bar lambar ƙungiya. Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, tana da tsarin da take rarraba masu koyo ga ogogin sana'a a cikin gari. Akwai cibiyar koyon sana'a ta gwamnatin jiha mai sunan Aliko Ɗangote a kan titin Zariya, da kwalejojin fasaha na gwamnati masu kai ɗalibi ga jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa. Sai tsohuwar hanya, wato a kai yaro wurin oga. Mafi kyau duka, in an samu, shi ne masana'antar da kanta ta koyar a kan injin da za a yi aiki da shi. In manaja yana jan ƙafa, ka tuna masa cewa kamfanin da ke biyan ITF kashi 1 cikin 100 na kuɗin albashinsa yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya, in ya yi horon da hukumar ta amince da shi. Da yawa sun san da biyan, ba su bi ta kan mayarwar ba.

Ko wane wuri ne, kada ka yarda da allon ƙofa. Ka shiga ba tare da sanarwa ba, ka ƙirga injinan da ke aiki a ranar, ka ƙirga masu koyo. Injin walda ɗaya ga mutum ashirin kallo ne za su koya. In sun wuce huɗu ko biyar a kan inji ɗaya, ka nemi wani wuri. Ka tambayi wa ke sayen sandar walda, ƙarfen gwaji, zare da yadi, da abin da ake yi in an ɗauke wuta. Ka nemi lambar mutum uku da suka gama bara, ka kira su ka ji inda suke.

Batun takardar kammalawa kuma, wadda aka buga a shagon kwamfuta da hoton kofi ba ta da amfani a ƙofar kamfani. Waɗanda ake ganewa su ne tiret-tes, wato gwajin sana'a, na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai farawa daga aji na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, da ta NABTEB, da ta NSQ, wato shaidar ƙwarewar sana'a ta ƙasa, da ke ƙarƙashin NBTE, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna. Ita NSQ tana da hanyar gwada wanda ya riga ya iya aiki a ba shi shaida ba tare da ya koma aji ba, kamar yadda aka yi da masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna. In a jerinka akwai wanda ya shekara biyar a shagon walda, wannan hanyar ta fi masa, kada a ɓata masa wata shida.

Gurbin shirin gwamnati na marasa aikin yi ba a sayar da shi. Duk wanda ya ce a turo kuɗin fom ta asusunsa, ko ya turo adireshin intanet a WhatsApp yana neman BVN, ɗan damfara ne har sai ofishin hukumar ya ce nasa ne.

5. Lissafin tallafi

Nan ne aikin yake tsayuwa ko ya faɗi. Ɗan talaka ba ya barin horo don ya kasa fahimta. Yana bari ne a mako na uku, ran da aljihu ya bushe, gida kuma ana jiran abin cefane da ya saba kawowa daga acaba, dako ko talla.

Ka yi lissafin mutum ɗaya tukuna. Ka hau A Daidaita Sahu da kanka daga unguwarsu zuwa wurin horo a daidai lokacin da zai riƙa fita, ka rubuta abin da ka biya zuwa da dawowa. A ce ya kama naira 1,000 a rana, kwana 22 a wata, wata uku: naira 66,000 ke nan na mota kaɗai. Ka ƙara abincin rana, ka ƙara kashi 15 cikin 100 saboda tashin kuɗin mai. In abin da ke asusu na mutum goma sha biyu ne, ka ɗauki goma sha biyu. Gara su gama duka da a ɗauki talatin su watse a tsakiya.

Hanyoyin rage nauyin: a haɗa mutum da wurin da ya fi kusa da shi, ɗan Sheka ko Ja'en a kai shi Sharaɗa, ɗan Dakata ko Kawaji a kai shi Bompai, ɗan Panshekara a kai shi Challawa. A yi shatar A Daidaita Sahu ɗaya ga mutum huɗu 'yan unguwa ɗaya, a biya direban duk mako. A sayi keke na hannu a ba da aro, wanda sau da yawa ya fi kuɗin motar wata uku araha. A tambayi kamfani ko motar ma'aikatansa na bi ta kusa.

Kuɗin mota duk mako ake bayarwa, bayan an ga rajistar halarta. In ka ba da na wata ɗaya a dunƙule, rashin lafiyar uwa ko bashin mai shago zai cinye shi a kwana biyu, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Alawus ɗin gwamnati, in akwai, kada ka sa shi cikin lissafi. Yakan makara. In ya zo, riba ce.

Kayan kariya a saya a ba shi a hannu, kada a ba da kuɗinsu: takalmi mai ƙarfe a baki, rigar aiki, safar hannu, takunkumi, da gilashin walda ga mai walda. Na gwanjo ya wadatar in tafin takalmin bai tsage ba. Ba a zuwa gaban inji da silifa, ko babbar riga, ko mayafi mai lilo. Ga mata a ɗinka hijabi gajere mai kama jiki wanda za a cusa cikin rigar aiki, domin bel ɗin inji ba ya tambaya.

Mata suna da ƙarin buƙatu. A je gida a zauna da miji ko uba tun kafin a rubuta suna, a faɗa masa wurin, da lokacin tashi, da wadda za su riƙa tafiya tare. A tura su bibbiyu ko uku-uku, a shiftar rana. Mai goyo a san wa za ta bar wa yaro, in da hali ƙungiya ta riƙa ba wata dattijuwa a unguwa ɗan abin hasafi ta riƙe yaran mutum uku ko huɗu.

Inda kuɗin zai fito: attajiran unguwa sun fi sakin hannu in aka ce musu "kuɗin motar yaro ɗaya na wata uku" da adadinsa, fiye da a ce "taimakon matasa". Akwai zakka, ta hannun masu ita ko Hukumar Zakka da Hubusi, tunda masu karɓar matalauta ne. Ga lafiya kuma, a bincika ko zai samu shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha a rukunin marasa galihu.

6. Yarjejeniya da shirin ranar farko

Takarda shafi ɗaya, da Hausa, mai sa hannun mai koyo, waliyyinsa, wurin horo da ƙungiya. Ta faɗi abin da za a koya, tsawon lokaci, awannin aiki, wa zai biya magani in an ji rauni, da fashi nawa ke sa a cire mutum. A wurin oga wannan ta fi zama dole, in ba haka ba yaro ya shekara yana sayo abinci da wanke mota.

Kwana ɗaya kafin farawa a tara su. Kamfani da agogo yake aiki: in shifta ta bakwai ce, bakwai saura kwata kana ciki. Ba a riƙe waya a kan inji. Ba a sa hannu cire abin da ya maƙale sai an kashe inji daga makunni. Ba a fita da ko ƙusa ɗaya, ana caje a ƙofa. Sallah a tambayi sufabaiza yadda ake karɓa-karɓa, kada a bar inji yana gudu. Biki da zaman makoki a nemi izini tun kafin a tafi.

7. Bibiya

Makon farko a kira kowa kullum da yamma. Daga nan sau ɗaya a mako, da ziyarar wurin horo sau biyu a wata. Wanda ya yi fashin kwana biyu a jere, a je gidansu a rana ta uku, kada a tsaya kiran waya, domin kunya takan sa ya ƙi ɗauka. Galibi za ka tarar ƙaramin abu ne: kuɗin mota ya ƙare, wani babba ya zage shi a gaban mutane, ko an samu aikin gini na kwana biyar. In ya wuce mako, da wuya ya koma. Gurbin da ya tabbata ya faɗi a cike shi daga jerin jira, muddin ba a ci kashi ɗaya cikin huɗu na horon ba.

8. Shiga aiki da wata ukun farko

Saura wata ɗaya a gama, ka koma wa sufabaizocin mataki na farko da sunaye, da abin da kowa ya iya. Ka roƙi a gwada su a aikace. Mai walda ya tafi da ƙarfen da ya haɗa da hannunsa, mai ɗinki da abin da ta ɗinka.

Ka san abin da doka ta ba ma'aikaci, ka kuma faɗa masa. Ana ba shi rubutattun sharuɗɗan aiki kafin wata uku su cika. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, amma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin da ake biya gwargwadon abin da suka yi. Yana da hutun kwana ɗaya a mako. Raunin da aka ji a bakin aiki yana ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, kuma mai kamfani ne ke biyan kuɗinta, ba a cire wa ma'aikaci. In ta hannun ɗan kwangila aka shiga, ka nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago, ka tambayi nawa kamfani ke biya, nawa ke isa hannun ma'aikaci. Wanda ya ce a ba shi albashin watan farko ladan samo aiki, a bar shi. In rigima ta taso, a fara da manajan ma'aikata cikin lalama, in ta ƙi sai ofishin ƙwadago na tarayya da ke jihar.

Kada a yanke kuɗin mota ran da aka ɗauke shi aiki. Albashin farko sai ƙarshen wata, wani lokaci har ya ɗan gota, kuma a wannan ratar ake rasa mutanen da aka sha wuya a kansu. A ci gaba da ba shi har albashi ya shigo, ko da a matsayin rance ne da zai biya kaɗan-kaɗan sau uku, kuɗin ya koma wa na bayansa.

A rana ta 30, ta 60 da ta 90, a rubuta a littafi: yana nan ko ya bari, nawa yake samu, me sufabaiza ya ce. Wanda ya bari a rubuta dalili da kalmominsa. Wannan shafin za ka ɗauka ka nuna wa manaja da masu ba da kuɗi in za a ɗebi rukuni na biyu, kuma waɗanda suka zauna su za ka roƙa su riƙa sanar da kai duk ranar da gurbi ya buɗe a sashensu.